Tumakin da Suka Sauko da Wuri

A garinmu makiyayi ba ya tambayar kowa ranar da zai sauko da garkensa daga dutse. Tumakin dutse yake kallo, jajayen nan da ba su da ubangida, masu kwana can ƙololuwar Supramonte inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Duk shekara suna sama, ba sa son warin mutum. Ranar da ka ga sun gangaro har sun sa baki a kominka da rana tsaka, to ka ɗaure kayanka, don kwana uku, huɗu in ta yi nawa, ƙanƙara za ta rufe hanya. Haka uban Bobore ya koya masa. Shi ma uban haka aka koya masa. Shekara arba'in Bobore yana bin wannan, ƙanƙara ba ta taɓa ritsa shi a sama ba.

A shekarar da nake faɗa, sun gangaro ranar goma ga Oktoba. Sama fes, rana kamar ta tsakiyar bazara. Bobore ya gan su da idonsa suna sha, ya je ya faɗa wa maƙwabtansa na kiwo. Suka ciro salula suka nuna masa hasashen yanayi, suka ce babu ƙanƙara ko a wata mai zuwa. Ya ce salula jiya aka ƙera ta, tumakin nan kuwa sun girmi garin. Ya kora tumakinsa ɗari da sittin ya sauka fadama, kusa da madatsar ruwa, inda ya saba cin sanyi.

Ƙanƙara ba ta zo ba. Zafi ya zauna daram har Nuwamba. A taɓon bakin madatsar akwai wani ƙwaro da bai kai sauro ba, wanda a da sanyin farko ke kashewa kafin garkuna su iso. A wannan shekarar yana nan da ransa. Tumakin suka fara dalalar da yawu, harshe ya kumbura ya yi shuɗi, suka daina ci. Cikin mako uku Bobore ya haƙa ramukan binne su har hannunsa ya fashe. Ya koma gida da tunkiya tara.

Tun daga nan ba ya son shiga shagon kofi na dandali, amma ran Talata aka aiko masa cewa Missente na nemansa a can. Missente shi ya riƙe 'yar Bobore ranar da aka yi mata baftisma, saboda haka kumpare suke kiran juna, kiransa kuma ba a ƙi.

Yana sa ƙafa wani ya ce, "A ba boka kujera."

"Bobore," in ji Tanielle mai shagon, yana goge kofi, "matata za ta yi shanya gobe. Don Allah ka tambayo mana ragunanka ko za a yi ruwa."

Aka yi dariya. Bobore bai kalli kowa ba. Ya ce, "Ka ce mata ta shanya ka tare da kayan, ko ka bushe ka daina zuba."

"Ku ƙyale shi," in ji Missente. Ya ja masa kujera, ya sa aka kawo kofi. Mutum ne mai jiki, mai tumaki ɗari huɗu, in zai yi magana sai ya ɗora tafin hannu a tebur. "Kumpare, mun zauna. Ranar Lahadi bayan coci za mu yi maka paradura, a makwancinka na dutse. Mutum arba'in da ɗaya sun ce za su kawo."

Paradura kowa ya san ta. In makiyayi ya rasa garke, ko wuta ce, ko ɓarayi, ko cuta, kowane makiyayi sai ya kawo masa tunkiya guda. Ba a roƙo, ba a dogon godiya. Ranar da ta faɗa wa wani, kai ma ka ɗauki taka ka kai. Tunkiya arba'in da ɗaya a kan tara, mutum ya sake zama makiyayi. In babu su, Bobore da shekara hamsin da bakwai sai dai ya je ya yi wa wani kiwo.

"Amma akwai magana," in ji Missente. "Kominka. Mutane sun ce ba za su kawo tunkiya ta sha inda na dutse ke sha ba. Ka zagaye shi da waya mai ƙaya, ka sa ƙofa."

"Likitar dabbobi ta ce ƙwaro ne," in ji wani daga baya.

Missente ya ce, "Ƙwaron a jinin wa yake ɗebo cutar? Namu ana yi musu allura. Su wa ke yi musu, limamin coci?" Ya juyo. "Shekara biyu da suka wuce na binne talatin, kumpare. Filina da naka shinge ɗaya ya raba. Ba mugunta ba ce."

Bobore ya shanye kofin a kurɓi ɗaya, ya dire shi har cokalin ya yi tsalle. "Waya kawai? Da ba don masu tsaron daji ba, da abin da zan ba su ya fi waya zafi. Maƙaryata ne. Shekara arba'in ina barin musu ruwa, su suka kai ni rami. Ku zo ran Lahadi ku ga waya."

A gida ya tarar da yayarsa Mallena a bakin tanda tana fasa gurasa biyu-biyu da wuƙa, tana jerawa. Tun da matarsa ta rasu ita ke riƙe da gidan. Ta ji labarin duka ba ta ɗago ba.

"Paradura da sharaɗi," ta ce. "A ina ka taɓa ji?"

"Yanzu na ji."

"Wannan ciniki ne, Bobò. Sun sayi ruwan Baba da tunkiya arba'in."

"Da ɗaya."

"Baba bai taɓa sa wa ruwa ƙofa ba. Ko ɓarawon da ya sace masa rago ya sha a komin nan."

"Baba ya mutu da garkensa cikakke, Yaya. Shi tumakin dutse ba su yi masa ƙarya ba." Muryarsa ta hau. "Ke kin ga harsunan tumakina? Kin ji yadda suke numfashi? Ni na ja su ɗaya-ɗaya da ƙafa. Wacce na ba madara da kwalba, da hannuna na tura ta rami. Yanzu ki ce in ji tausayin masu ƙaho?"

"Ban ce ka ji tausayin kowa ba. Miƙo min kwandon can."

Ya miƙa mata da ƙarfi har gurasa biyu suka faɗi. Ta tsince su, ta hure, ta mayar.

Ran Laraba da safe ya loda waya a a-kori-kurarsa ya hau. Disamba ta kama, amma ba wanda ya sauka fadama, don saman dutsen tsirara yake, fari fat da duwatsu, ba ɗigon ƙanƙara. Idon ruwansa na fitowa ne daga tsagar dutse, siriri kamar yatsa, ya zuba a dogon komin da ubansa ya sassaƙa. A da kaurinsa ya kai damtse.

Ya fara haƙa ramukan diraku. Bai daɗe ba ya ji ana kallonsa. Tumakin dutsen ne tsaye a kan tudu, sun jeru, kamar masu jiran a gama taro su shiga. A gabansu tsohon ragon nan ne mai farin tabo a gadon baya, wanda bakin ƙahonsa na hagu ya gutsure. Bobore bai yi niyyar ƙirga su ba, amma idon makiyayi ba ya neman izini. Goma sha ɗaya. Bara ashirin da uku ne. Yana yaro ya taɓa ƙirga saba'in a wannan tudun, ubansa ya ce ya ɓata lissafi, sun fi haka. Kuma cikin matansu bakwai, ɗaya ce kawai ke da ɗa a gindinta.

"Me kuke kallo?" ya ce. "Ina ƙanƙarar? Wata biyu ke nan. Ina take?"

Ya ɗauki dutse ya jefa. Bai kai ba. Suka ɗan ja baya, suka sake jeruwa.

Da rana ta take, dirakunsa suka ƙare, saura gefe guda. Ya tuna ubansa ya bar waɗansu a tsohuwar bukkar sama, na itacen nan mai ƙamshi da ba ya ruɓa. Tafiyar awa biyu ce a ƙafa, kuma ya fi shekara shida bai hau ba, tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Ya hau yana zagi, yana zagin gwiwar, yana zagin Tanielle da shanyar matarsa.

Kusa da bukkar akwai idon ruwan sama, wanda ba a taɓa jin ya ƙafe ba. Nan tumakin dutse ke sha tun fil azal. Bobore ya nufe shi don ya jiƙa maƙogwaro. Ya tarar da ƙura. Gansakukar da ke jikin dutsen ta bushe ta zama toka. A inda ruwan ke taruwa an tone rami, zurfinsa ya kai kamu biyu, gefensa duk shatin kofato. Ba mutum ya tona ba. Sun yi ta tono har suka kai dutse. A bakin ramin akwai ƙasusuwa ƙanana, dila ya watsa su, da ƙoƙon kai uku da ba su kai dunƙulen hannunsa ba. Ya dubi ciyawar wurin. An cinye ta har saiwa, an ɓare bawon itatuwa iya inda wuya ke kaiwa.

Ya daɗe a tsugune. Ya sa hannu a ramin, ya damƙo ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

Ashe ranar goma ga Oktoba ba ƙanƙara ta koro su ba. Ƙishirwa ce. Sun sauko neman ruwa, shi kuwa ya kwashi garkensa ya kai wa ƙwaro.

Mutum zai ce ransa ya yi sanyi a nan. Bai yi ba. Da can yana da waɗanda zai zaga, yanzu an ƙwace masa su. Ya miƙe ya dubi sama, shuɗiya, ba ko gajimare na kunya, ya rasa ta inda zai kama ta. Ya shuri bangon bukkar har dutse ɗaya ya faɗo. Sannan ya ɗaure diraku shida ya saɓa, ya gangaro. Ran Alhamis ya gama wayar, layi biyar, ya sa ƙofa, ya ɗaure. Tunkiya arba'in da ɗaya ba wasa ba ce, kuma bai faɗa wa Mallena abin da ya gani ba. Juma'a da Asabar bai hau ba. Ya ce gwiwa.

Ran Lahadi bai shiga coci ba, ya riga kowa hawa. Tun daga nesa ya ga abin da kwana biyu suka yi. An taka hanya a kewayen wayar, zagaye cif, ƙasa ta daku kamar masussuka. A kan ƙayoyin duk jan gashi ya maƙale. A gefen da ruwan ya fi kusa, tsohon ragon ya tura kai tsakanin layi biyu, ƙahonsa ya sarƙe. Ya yi ta fizga har wayar ta naɗe masa wuya ta yanka kafaɗa. Yana durƙushe, bakinsa bai fi taki ɗaya da komin ba. Da ya ga mutum ya yunƙura, ya kasa. Sauran goman suna kan tudu.

Bobore na tsaye a kansa sai ga motoci suna hawowa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da tunkiya a baya an ɗaure mata ƙafa. Mallena na cikin ta farko da kwandunan gurasa da cuku da giyar inabi. Maza suka sauko da rigunan coci, suka taru.

"To, ga waya ta yi aiki," in ji wani.

"Boka ya kama aljaninsa," in ji Tanielle.

Missente ya zo ya duba, ya dubi hanya hagu da dama. "Masu tsaron daji ba sa hawa ran Lahadi. Wannan ba zai tashi ba, kumpare. Ka huce haushinka, mu kuma mu sami na gashi. Wuƙarka na aljihu?"

Tana aljihu, makiyayi ba ya fita ba ita. Filaya ma tana nan tun ran Alhamis. Bobore ya sa hannu, ya ciro filayar. Ya taka ƙahon da ƙafa don kada ya soke shi, ya datse layin da ke wuya, ya datse na ƙahon. Ragon ya zube. Ya yi kamar ba zai motsa ba, sannan ya ja jiki da gwiwa, ba wajen tudu ba, wajen komin. Ya sa baki yana sha, mutum arba'in na kallonsa. Da ya ƙoshi ya miƙe yana rawa, ya ratsa ta inda aka yanke, ya hau yana ɗingishi.

"Shi ke nan, zuciyarka ce," in ji Missente. "Kawo guntun waya mu ɗinke wurin."

Bobore ya ba shi baya. Ya matsa dirka ta gaba ya datse layin sama. Ya datse na biyu. Wayar ta yi ƙara ta nannaɗe.

"Kumpare."

Ya datse na uku.

"Kumpare, da kai nake. Mun yi magana a gaban mutane."

"Mun yi." Ya juyo, filayar na hannunsa, wuyansa ya yi ja. "Wa ya hau idon sama a cikinku bana? Kai? Kai, Tanielle, da bakinka ya fi ƙafarka tafiya? Ba kowa. Kuna zaune kuna shafa salula. Ta gaya muku ya ƙafe? Na je na gani. Sun tona shi da kofato har dutse, 'ya'yansu sun mutu a bakinsa. Ba ƙarya suka yi min ba. Ruwa suka zo nema, ni ne jakin da bai hau ya duba ba."

"Wannan ba ya hana su ɗaukar cuta," in ji Missente.

"Watakila suna ɗauke da ita. A fadama na kwaso tawa, ba ko ɗayansu a wurin. Ku dubi ruwan nan." Ya nuna tsagar dutsen da filayar. "Kun san kaurinsa a da. Bana na sama ya tafi. Wannan na bin sa. In ya tafi, naka ne na gaba, Missente, don a ƙasa da ni kake. Ranar nan zan zo da tumakina bakin wayarka in yi ta zagaye?"

"Ka rasa ɗari da hamsin saboda su," in ji Missente a hankali. "Yanzu za ka rasa arba'in. Mutum ya faɗa rijiya ɗaya sau biyu?"

"Rijiyata ce."

Ya koma ya ci gaba da datsa. Ƙarar filaya ta gauraya da kukan tumakin da ke ɗaure a motoci.

Sai Tziu Gavinu, wanda ya haura tamanin, ya taka zuwa motar jikansa da sandarsa. Ya kwance tunkiyarsa da kansa, ya ja ta da kunne har ƙofar makwanci, ya tura ta da gwiwa.

"Ni tunkiya na kawo," ya ce. "Ban san an fara haɗawa da waya ba. Missente, shekarar da wuta ta ci garken ubanka ina nan. Uban Bobore ya kai masa tunkiya mai ciki. Bai tambaye shi wa ya yar da guntun sigari a ciyawa ba, alhali duk gari ya san shi ne."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Fuskar Missente ta canza. Ya ce, "Tziu, da girmanka. Amma ubana bai taɓa ganin ƙwaro a Nuwamba ba. Ni ina da ɗari huɗu da zan kare."  Ya shiga motarsa ya juya, tunkiyar na baya tana kallon mutane.

Aka fara bin sa. Wasu sun tafi suna sunkuyar da kai, wasu suna faɗa a fili cewa taurin kai ne ya kashe garken farko. Mutum ashirin da biyar suka bi shi. Goma sha biyar suka kwance nasu, har da Tanielle, wanda ke da tumaki goma kacal a bayan shago. Ya tura tasa yana cewa, "Ka riƙe ta da kyau, boka, ita ma ta iya duba."

Ashirin da huɗu ke nan da tara ɗinsa. Ba za su riƙe gida ba, kowa a wurin ya sani. Zai nemi aikin tatsa a garken wani kafin su hayayyafa, in sun hayayyafa, kuma babban garken da ke neman hannu a wannan gefen na Missente ne.

Mallena ta shimfiɗa abincin mutum arba'in a gaban goma sha biyar. Aka ci, ba a yi waƙa ba. Ta zuba wa ƙanenta giya ta ce, "Ka ci wani abu." Ya ce ba ya jin yunwa. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba.

Da la'asar kowa ya gangara, ita ma ta bi motar Tziu Gavinu. Bobore ya zauna a kan dutse yana naɗe wayar, tana yankar masa yatsu. Rana ta karkata kafin tumakin dutsen su sauko. Mai ɗan ce ta fara zuwa, tana taki tana tsayawa, sauran na biye. Tsohon ragon ne na ƙarshe, jini ya bushe masa a kafaɗa, kuma Bobore ya san irin wannan ɗingishin, ba ya kai dabba bazara.

"Ku sha," ya ce musu. "Ku shanye duka, 'yan banza. Kun cinye min garke biyu."

Suka ɗago suka dube shi, ruwa na ɗiga daga haɓarsu, suka mayar da kai. Ya ɗaga ido ya dubi ƙololuwar, kamar yadda ya saba yi duk ranar da suka sha a kominsa. Ba komai a kanta. Ya tofar da yawu, ya jawo wani layin wayar ya ci gaba da naɗi.